Wa Ke Taɓa Kafiretar Baba?

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya sassauta maka wahalar aiki da kewar gida. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma fita unguwa. Gwaggo ta zo ta yi kwana uku, ta gyara wa kowa zama, ta tafi. Ni kuma mun koma makaranta, takardun ɗalibai sun cika min ɗaki. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa maimakon waya. Ka san gidan nan, da zarar an ce kai ne a layi Baba zai jawo kujera, kuma maganar da ke bakina ba ta gabansa ba ce.

Kayan da ka aiko na ɗan babur ɗinsa sun iso lafiya, kuma Dogo bakanike ya ɗaura su duka: sabon bulon inji da babban fistin, salansa ta fitar da hayaƙi, da matatar iska. Na san don ya daina tura babur a hawan gada ka yi, Allah ya saka. Ranar farko Baba ya yi ta washe baki, babu shagon da bai tsaya ba a layin teloli yana cewa aikin ɗansa ne. To amma sati bai cika ba babur ya fara tari, yana mutuwa a tsaye, injin yana zafi kamar dutsen guga. Sau uku ana kai wa Dogo. Ya gyara, a yi kwana biyu lafiya, a koma gidan jiya. Ni fa zuciyata ba ta kwanta ba, balle da na hango salansa sak irin taka a jikin wani babur a garejinsa. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya musanya kayan Yaya ya liƙa mana tarkace. Ranar Asabar na je na wanke shi tas a gaban masu jiran gyara, ban bar masa komai ba.

Abin haushi, ko gezau bai yi ba. Ya kwance fulogi ya miƙo min, kansa fari fat kamar alli. Ya ce tun da injin ya ƙara girma yana shaƙar iska da yawa, dole a ƙara masa fetur daidai da iskar. Shi ya sa ya canza jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da ke auna fetur a cikin kafireta, ya sa mai faɗin rami, sannan ya saita ɗan sukurun da ke gefe. Idan haɗin ya yi daidai, in ji shi, fulogi kalar shayi da madara yake yi. Fari kuwa yunwa ce, kuma injin da ke gudu da yunwa wata rana fistin zai cije a kan titi, tayar baya ta ƙame, ya yar da mai shi. Ya rantse duk dawowar da babur ya yi, sai ya tarar an murɗe sukurun nan ciki kusan ƙarshe. Na ce kwana-kwana ce kawai, wa zai taɓa a gidanmu, Umma ce za ta murɗa? Na bari ya sake saitawa, na ciro jan farce daga jakata na ɗiga a kan sukurun. Na ce in babur ya sake lalacewa jan farcen yana nan bai tsage ba, to ya san sunan da zan kira shi. Ya ce ya yarda.

A rana ta uku na fita aiki, har na kai mahaɗa na tuna na bar rajistar aji, na juyo. Ina leƙa soro sai ga Baba tsugune gefen babur, tabarau a kan karan hanci, riƙe da ɗan sukudireban keken ɗinkinsa. Yaya, ba murɗawar ce ta kashe min jiki ba. Sau huɗu yana kai bakin sukudireban yana kuskure ramin sukurun, saboda hannunsa rawa yake yi, sai da ya tallafe shi da na hagu. Na ja da baya a hankali, na yi gyaran murya daga waje, na ba shi lokaci ya miƙe. Wallahi ban san abin da na koyar a aji ranar ba.

Daga nan idona ya buɗe. Na ga ƙujewa a murfin gefen hagu na babur an shafe ta da baƙin fenti. Na ga faci a gwiwar wandonsa, ɗinkin hannunsa ne amma a karkace, mutumin da ke warware mana ɗinki in layi ya kauce da ƙwayar zare. Na matsa wa Umma, ta ce ai an kwana biyu ita ke zura masa zare a allura, ya ce kada ta faɗa. Da la'asar na same shi a shago shi kaɗai, na ce na gani. Ya daɗe yana shafa kan keke, sannan ya ce, "Abincin babur ɗin nake ɗan ragewa, ko ya rage zafin kai. Ya fi ƙarfina, 'yar nan. Amma kada yayanki ya ji, da zuciya ɗaya ya aiko." Shi a ganinsa sukurun kafireta kamar na zaren keke ne, in ka ɗaure sai abu ya nutsu. Na gaya masa abin da Dogo ya ce game da fistin.

Ya ce sau ɗaya ya faɗi da babur, ni ban yarda ba. Ya ce rawar hannun gajiya ce, wannan ma ban yarda ba. Ban yi masa alkawarin rufe baki ba, don haka ga abin da nake roƙo. Tsofaffin kayan suna nan a kwali wurin Dogo, na gani da idona ranar da na je ba shi haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya haƙura, amma gaisuwarmu ta gajarce. Baba ba zai bari a cire abin da ka aiko ba muddin daga bakinmu maganar ta fito. Kai za ka kira shi, ka ce ka bincika kayan ba su dace da injin ba, kuskurenka ne, a mayar da na da. In ya saki jiki, ka sako maganar asibiti, don kai kaɗai yake ji.

Kada ka ja lokaci. Kafin ka kira, na ɗauke mukullin babur na ce ban san inda ya shiga ba. Na shirya shan faɗa, don ka san Baba, a kan allura ɗaya yana iya birkice gida. Yau kwana biyar ke nan yana tafiya shago da ƙafa, kuma ko sau ɗaya bai tambayi mukullin ba.

Ka gaishe min da Antina da kyau, da Takwarar Umma, da Autanku mai ƙiriniya. Umma, Gwaggo da Kawu duk suna gaishe ku. Allah ya tsare ka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Malama