Matata Ta Mayar da Kofunan Mama Kanti

Anti Larisa, don Allah ki taimake ni, Sabuwar Shekara ta ƙarato, ni kuwa hankalina a tashe yake.

Ni ɗan Rasha ne mazaunin Chicago, matata Marcy Ba'amurkiya ce. Ranar Kirsimeti mahaifiyata ta kawo mana kofunan shayi masu bakin zinare, irin waɗanda ta baro a garinmu Saratov. Tun bazara take zuwa wani kanti tana leƙensu. Mai kanti ya saka rasit cikin kwalin kamar yadda suka saba a nan, don mai son musanya kyauta. Mama ba ta jin Turanci, ba ta san amfaninsa ba. Marcy kuwa da ganin rasit sai ta ɗauka zaɓi aka ba ta. Washegari ta bi layin masu mayar da kyauta, ta musanya su da injin shara, ta dawo har da murnarta!

Na yi mata faɗa, ta yi kuka, wai ko kyautar uwarta mayarwa take yi, ba wanda ya taɓa fushi. Na ruga kantin, sun ƙare. Jiya Mama ta bugo waya: "Ka wanke kofunan nan da hannunka, kar yarinyar nan ta jefa min su a injin wanke-wanke." Da su take so a sha shayi daren shiga shekara, gaban ƙawayenta. Da ma da ƙyar ta yarda da auren nan. Ko in ce sun fashe?

Mai Damuwa

Ɗana, ka cire maganar fashewa daga ranka. Uwar da ta yi watanni tana leƙen kofuna za ta ce a nuna mata fasassun.

Matarka ba raini ta yi ba, haka aka rene ta: a wurinsu kyauta kaya ce, in ba ta yi ba a canza. A wurinmu kuwa mayar da kyauta mayar da mai ita ne. Laifinka ne da ba ka taɓa faɗa mata ba, don haka ka fara ba ta haƙuri.

Gobe ku je gidan Mama tare, kada ku bari sai gaban ƙawaye. Kai za ka yi bayanin rasit, Marcy ta nemi gafara da bakinta. Za ta yi fushi, ku daure. In ta huce, Marcy ta roƙe ta su fita su biyu neman wasu, ko da za su zaga garin nan kaf. Mahaifiyarka gida ta baro a Saratov, wuri take nema a naku.

Allah ya sa ku shiga shekarar kan teburi ɗaya.

Anti Larisa