Finjali na Uku

Zuwa ga Wubalem, hasken idona, farar zumar kan dutse, ruwan sanyi a tsakar rani, matata ta shekara arba'in da shida, wadda ta yi tara daga ciki a inda idona ba ya kaiwa.

Ba zan fara da gaisuwa ba, don ƙara na kawo, kuma shekara tara ke nan tana zaune a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Me ya sa kika miƙa wa maƙwabcinmu Kasahun finjalin farko? A gidana! Da gahawar da na sayo, a kan gawayin da na ɗauko! Duk garin Debre Markos an san finjalin farko na babba ne, kuma ni ne babba. An haife ni shekarar da fara ta cinye hatsi, shi kuwa sai da damina ta zagayo. Don gemunsa ya riga nawa fari? Bunsurun maƙwabta ma farin gemu gare shi. Ko don shi ya fara zuwa gaida mahaifinki tun kina budurwa? Ya zo, amma wa kika bi?

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san da tsufa na koyi haruffan nan a ajin yaƙi da jahilci, tafiya suke kamar tunkiya mai ɗingishi. Kwana huɗu nake kansu, don ban yarda wani ya riƙe alƙalami tsakanina da ke ba.

Kin tuna ranar? Jajiberin tafiyarki ne, 'yarmu Hiwot ta zo daga Amurka ta ɗauke ki ki taya ta renon tagwayenta. Kin baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, kin kunna turaren wuta, ga gugguru cike da faifai, ɗaki ya cika da dangi da maƙwabta. Kina zaune a 'yar kujerarki cikin farar riga mai jan baki, kamar wata ya sauko ya zauna gaban murhu. Kika zagaya da kaskon gahawar da kika soya, kowa yana jawo hayaƙin zuwa hancinsa da tafin hannu. Sannan kika ɗaga baƙar butar nan ta yumɓu sama, gahawa ta sauko siririya kamar zaren siliki, ko ɗigo bai faɗi a faranti ba. Wayyo wannan hannu! Shekara nawa ina kallonsa ban ƙoshi ba! Sai hannun ya wuce ni, ya tsaya gaban Kasahun. Shi kuma ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Ƙanena, yi haƙuri, naka na zuwa."

Na sha na farko da fushi, na sha na biyu da fushi. Kina mayar da buta kan wuta don na uku, na albarka, wanda ko maƙiyi ba ya tashi ya bari, na ɗauki sandata na fita. Na kwana gidan yayana. Da safe mota ta tafi da ke. Wata shida aka ce za ki yi. Yanzu tagwayen an ce har sun iya karanta jarida.

Ya ke sanyin zuciyata, kin san abin da gida yake zama idan ba a soya gahawa a cikinsa? Rumbu ne da aka kwashe hatsinsa. Ba mai leƙowa ya ce ya jiyo ƙamshi. Butarki tana kan kanta, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Sau ɗaya na gwada soyawa da kaina, sai ga Etenesh, matar Kasahun, da bokitin ruwa a guje: "Demisse, gahawa kake soyawa ko tayar mota kake ƙonawa?" Ban sake ba. Gidajen mutane nake bi kamar kazar da ba ta da akurki, in sha biyu in tashi. Har yara sun laƙaba mini Mai Biyu. Su yi ta faɗa. Na uku bai taɓa leɓena ba tun ranar nan, kuma ba zai taɓa ba daga hannun wata mace, ko da sarauniya ce.

Na sani, za ki ce Hiwot ta sha bugo waya tana cewa, "Baba, ga Mama," ni kuma na ce ba na magana da matata ta cikin abin da bai fi sabulu girma ba. Na faɗa, ban musa ba. Amma ke fa? Kin aiko da rigar sanyi, kin aiko da man shafawa na gwiwa, ko kalma ɗaya ba ki naɗe a ciki ba. Na zazzage aljihunan rigar nan har sau uku, Wubalem. Sau uku!

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kasahun ya rasu. Ranar addu'ar arba'in, Etenesh ta soya gahawa, ta zo da finjalin farko da hannu biyu ta tsaya gabana, kowa yana kallo. Ba mai gardama yanzu, ni ne babba. Na kurɓa, na ji kamar ruwan toka. Na waiwaya kujerarsa don in ga yadda fuskarsa za ta yi, kujerar ba kowa.

Da na miƙe bayan na biyu, sai ta riƙe bakin mayafina ta ce, "Kai dai taurin kan nan ne zai binne ka. Ranar nan matarka ta zuba maka na uku, ta rufe shi, ta zauna gabansa har rana ta faɗi, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Da asuba ta wanke finjalin ta naɗe a gyalenta."

Finjalina mai tsaga a baki! Shekara tara ina ƙirga biyar a faranti maimakon shida. Na zargi kyanwa, na zargi matar ɗan yayana, har yau ba ta gaishe ni da kyau. Ashe yana can ƙasar ƙanƙara, ni ina nan!

Ya ke tauraruwar asubata, inuwar da nake nema da tsakar rana, ki dawo. Ciyawa ni zan yanko, gawayi ni zan hura. Finjalin farko ki ba wanda kika ga dama, ko mai gyaran takalmi ne, ba zan ce uffan ba, ko da yake ni ne babba. Na uku kawai nake roƙo. Gwiwoyina sun fara ƙin hawa tudun coci, kuma ba na so a kai ni kusa da Kasahun albarkata tana rufe a wani gari.

Ni ne naki, jiya da yau, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Demisse.

Wayar da Hiwot ta bari tana aljihuna, na sa an nuna mini inda ake dannawa. Finjalin yana wurinki ko ba ya wurinki? Na gaji da tambayar bango. Ki amsa mini, Wubalem!