Rabin Aski

Litinin, 3 ga Maris
Na koma shagon askina. An yanke mini ciwon daji a ƙarshen hanji, na warke, in ji su. Likita ya ce na yi sa'a, ya bar mini hanyar bayan gida yadda Allah ya yi ta, ba sai an maƙala mini jaka a ciki ba. Kowa barka, barka. Ina amsawa. Ban ji komai ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Hanyar tana nan, sai dai ta daina jin maganata. Ka je, ka dawo, ka ɗaura wando, ta ce da saura. Ban ɗakin kuwa can ƙarshen layin shaguna yake. Ni da tafiyar ƙasaita, yau ni ne da sassarfa.

Asabar, 22 ga Maris
Wani tsohon direba da nake wa aski tun gashinsa na baƙi ya zo. Na aske gefen dama, cikina ya murɗa. Na ce masa waya zan amsa. Wayar tana kan tebur a gabansa. Na daɗe. Da na dawo ya tafi da rabin kai, ya ninke mini mayafin aski a kan kujera.

Lahadi, 23 ga Maris
Ban fita ba.

Talata, 8 ga Afrilu
Na daina cin komai sai na tashi aiki. Uwar yara ta ce, "Baban yara, abin da cuta ta bari yunwa za ta ƙarasa." Masu zuwa aski sun ragu. A layi ana cewa tun da na dawo daga asibiti kaina ya taɓu. Gara su ce haka da su san gaskiya.

Laraba, 30 ga Afrilu
Direba ya dawo. Bai zauna ba. "Maigida, laifin me na yi maka?"
Na yi niyyar wata ƙaryar. Sai na ji bakina yana cewa, "Tun da aka yi mini aiki ba na iya riƙe bayan gida." Kunya ta kama ni.
Ya zauna, ya ɗaura mayafin da kansa. "To in larurar ta zo ka je. Ni da na ajiye tuƙi, ina zan je?"
Ta zo. Na je. Na dawo na same shi yana gyangyaɗi, na ƙarasa askin.
Da ya tafi na sayi burodi na ci a shago, da rana tsaka. Yunwa ce kawai.