Kada Ku Sayar da Ɗakin Bandar Baba

Zuwa ga Yaya Regina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alojzy da yara. Na ji daɗi da kika ce gwiwar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa coci da ƙafarta, Allah ya ƙaro afuwa. Ni ma lafiya lau, ban da ciwon bayan nan nawa da kika sani.

Kaka ta huɗu ke nan rabona da garinmu Kuznica, tun ranar da na tsaya a bakin gaɓa ina kallo ana yanka jirgina da wuta gunduwa-gunduwa. Har yau abin na ci mini rai. Amma in za a bi gaskiya, kifin ya riga ya ƙare kafin gwamnati ta hana kamawa, kuma diyyar da suka ce za su biya sun biya. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Na karanta zancen mutumin Gdansk da Alojzy ya samo, mai son rushe ɗakin bandar Baba ya gina masaukin 'yan yawon shaƙatawa. Kin ce rufin na yoyo, kuma amincewata kawai ake jira kafin Kirsimeti. Zan ba ki amsa, amma fara jin irin aikin da nake yi a nan Friesland, don daga nan amsar ta fito.

Kin tuna kifin nan mai siffar maciji da Baba ke ce wa dogo, wanda bandarsa ta ciyar da mu har muka girma? Shi muke kamawa, ni da ubangidana Wiebe, amma ba na sayarwa ba ne. Da kaka an hana taɓa shi, don lokacin ne manyan ke neman fita teku. To injinan da ke zuƙe ruwan gonaki suna watsawa bayan ganuwar da ke tare teku sukan markaɗe su a hanya. Sai hukuma ke biyanmu mu kafa raga a gaban injin, mu kwashe su a baho, mu haura ganuwa da su, mu juye a teku. Yaya, ni ɗan Baba, ana biyana ina zubar da dogo! Wiebe ya ce duk sanda na kife bahon, fuskata kamar ta wanda aka gayyata ɗaurin auren budurwarsa. Na ce masa ai shi rowarsa ce ta hana teku cinye ƙasarsu, mutumin da zai ba ka biskit ɗaya tal ya rufe gwangwani ya ɗora hannu a kai. Ya yi dariya har da tari, amma bai ƙara biskit ɗin ba.

Akwai wata malama, Marrit, da ke zuwa tana auna su, wasu ma ta sa musu 'yar na'ura a ciki. Ran nan na tambaye ta ina suke zuwa ne haka. Ta ce can wani teku kusa da Amurka, can suke haihuwa su mutu. Na ce ta taɓa gani? Ta ce ba ita kaɗai ba, duk duniya ba wanda ya taɓa ganin ƙwansu a can, ƙananan 'ya'yan kawai ake tsinta. Na ce wato kan abin da ba a gani ba ake karya mini baya. Ta ce ƙwarai kuwa, kuma in ɗaga bahon da gwiwa, ba da baya ba.

Tun ranar abin ke yi mini yawo a kai. Wai in tafiyar ta zo, dogo yakan daina ci gaba ɗaya, idonsa ya ƙara girma. Mun sha ganin manyan idanun nan a kan teburin Baba, mun dai san alamar maiƙo ce, ba wanda ya taɓa cewa ina ya nufa. Wa ya gaya masa hanya? Kifin da ya shekara ashirin a kwatar bayan gonar wani, me ya sani game da Amurka? Sai na sake tambayarta ko 'ya'yan kan dawo ramin da uwarsu ta baro. Ta ce a'a, igiyar ruwa ce ke raba su, wani ya faɗa Faransa, wani nan, wani ma ya shige har tekunmu.

Washegari muka ɗago wata uwa mai kaurin damtsena. Ban ankara ba hannuna ya fara auna inda sandar banda za ta shiga, har ƙamshin hayaƙin Baba na ji a hancina. Wiebe ya hango ni, ya ce in haɗiye miyau, shi ma haɗiyewa yake yi. Ni na haura da ita. Da na sake ta, ta ɗan yi lamo a cikin ruwa, sannan ta miƙe yamma ba waiwaye. Na daɗe a tsaye, Yaya. Ta fi ni sanin hanyar gida.

Don haka amsata ita ce kada ku sayar. Ki gaya wa Alojzy ban ga laifinsa ba: shi ke hawa tsani duk hunturu yana toshe yoyo, ni ina nan ina aiko da umarni a takarda, kuma ɗakin ba ya kawo ko sisi. Marrit ma ba ta yi mini alkawarin dogo zai dawo ba. Ta ce ana iya shekara ashirin kafin a ga bambanci, ana iya rasa shi ɗungurum. Ni dai na san ba zan ƙara tsayawa gaban wutar nan ba. Amma in jikokin wadda na saki suka iso bakin ruwanmu wata rana, ba na so su tarar da baƙi na shanya tawul a inda Baba ya rataye sandunansa. 'Yarki Dorota ta iya hura wutar tun tana ƙarama, ki bar mata.

Ki gaishe da Mama, ki ce ina sa safar da ta saƙa mini. Ki gaishe da Alojzy, da Dorota, da Kawu Leon in har ya daina fushi da kowa.

Kin tambayi abin da na tara. Yuro dubu biyu da ɗari uku ne. Zai isa in zo in yi hunturu tare da ku, ko a yi sabon rufi, ba zai isa duka biyun ba. Ki nemo kafinta. Zancen rashin zuwana kuma, ki bari ni zan gaya wa Mama da bakina.

Ƙaninki,
Brunon