Suna Son In Sa Rigar Kamfani Ina Cikin Takaba

Hajiya Safiyatu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Mijina Is'haƙa ya rasu wata biyu ke nan, a hatsarin babur, yana dawowa daga gyaran na'urar sadarwa a Tsamaye. Shekara shida yana yi wa wani kamfanin intanet aiki, daga Isa har Sabon Birni. Sau biyu wasu kamfanoni suka neme shi da albashi mafi tsoka, ya ƙi, wai waɗannan 'yan'uwansa ne. Ko ran Sallah, in sun kira, ajiye loma yake ya tashi. Rigarsa ta aiki tana nan rataye, na kasa wanke ta.

Ran sadakar uku motar kamfanin ta zo. Na ɗauka gaisuwa ce, na sa aka shimfiɗa tabarma. Ashe kwamfutarsa da makullai suka zo karɓa. Direban kaɗai ya zauna ya yi addu'a.

Yanzu ma'aikata huɗu da ya koya wa aiki, har da babbansu Illo, sun ce za su bar aikin. Sai ga wata daga ofishin kula da ma'aikata ta kira ni, tana ta lanƙwasa murya. Wai a ɗauke ni bidiyo da rigar kamfani, in ce kamfani dangi ne, a nuna musu su zauna. Ni da ke cikin takaba.

Amma Illo ya aiko matarsa, wai abin da na ce shi za su yi. Aiki a nan wuya gare shi, suna da iyali, kuma marigayi yana son aikin. Mi za ni yi?

Mai takaba, daga Isa

Ƙanwata, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Kada ki yi bidiyon. Ki sa wani babba a danginsa ya gaya wa kamfanin haka, a mutunce. Mai yiwuwa matar da ta kira ki ba ta da mugun nufi, an matsa mata ne ta tsayar da ƙwararrun da kamfani ke tsoron rasawa. Amma su Illo sun ga abin da aka yi ran sadakar uku. Shi ya fitar musu da aikin daga rai, kuma kamfani ne zai gyara, ba ke ba.

Nauyin Illo ma kada ki ɗauka. Tafiya cikin fushi na iya barin gida huɗu ba abinci, zama a haka kuma na iya kai matar wani inda kike. Su rubuta sharuɗɗansu: hutu, tsaro a hanya, da abin da za a yi wa iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Amsar kamfani ce za ta nuna musu zama ko tafiya.

Rigar kuwa, ki bar ta a rataye har ranar da kika shirya. Sunan kamfani ne a jiki, amma guminsa ne a ciki. Allah ya sa ki fita takaba lafiya.