Muryata Aka Yi Wa Tafi, Wani Aka Yafa Wa Mayafi

Anti Lea, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake, na kuma rasa wanda zan gaya wa. Matata ta gaji da jin zancen, abokaina kuwa sun mayar da shi abin dariya. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, haka abin yake yawo a kaina.

Ni mutumin Jos ne, ina zaune a unguwar Bronx ta Amurka da matata Nankling da 'yarmu. Aikina kula da tsofaffi marasa lafiya a gidajensu. Tun ina yaro Allah ya ba ni baiwar kwaikwayon murya. In mun dawo daga kallon fim ɗin Indiya, ni ke tsayawa a tsakar gida in yi bos, in yi jarumi, in yi har tsohuwar da ke kuka, sai babata ta jefo mini takalmi nake yin shiru.

Shekarun baya wurin aikinmu suka tura ni gidan wani dattijo Ba'indiye a Staten Island, kusa da St. George. Sunansa Damodar, ni Baba nake ce masa. An yi masa aiki a maƙogwaro, muryar ta tafi, sai raɗa kawai, sai ka kai kunnenka bakinsa kafin ka ji. Mutumin nan kuwa da murya ya ci abinci duk rayuwarsa. Tun yana saurayi yake wasan kwaikwayo a Pune, suna bin garuruwa a bayan babbar mota da labulensu da fitilunsu. Daga baya ya koma Mumbai yana ɗora murya a finafinai da tallace-tallace. Ya sha gaya mini, idonsa na kawo ruwa, cewa akwai wani jarumi da ya yi suna da muryarsa, aka yi ta ba shi kyaututtuka, shi kuwa ko sunansa ba a taɓa rubutawa a ƙarshen fim ba. Ki riƙe wannan, Anti, don shi ne ya fi ci mini rai.

Wata rana ina wanke kwanuka, ya kunna tsohon kaset ɗinsa na wasa, ni kuma ba tare da tunani ba na shiga bin muryar. Sai na ji ya buga sandarsa a ƙasa. Na ɗauka laifi na yi, ashe so yake in maimaita. Da na maimaita, tsohon nan ya rufe fuska ya yi kuka. Daga ranar ya kama koya mini. Ya hana ni ruwan sanyi, ya hana ni yajin tsire, ya ɗora ni kan citta da zuma. In muna tsallakawa Manhattan a jirgin ruwa, sai ya fitar da ni waje inda iska ke kaɗawa, ya sa ni in jefa magana har ta kai ƙarshen jirgin ba tare da na yi ihu ba. Mutane na kallona kamar mahaukaci, ban damu ba.

Yana da 'yar ƙungiyar wasa a Jackson Heights, da wani wasa da ya rubuta da kansa, da Turanci gauraye da yarensu, a kan tsohon ma'aikacin tashar da jirgin ƙasa ya daina tsayawa a cikinta. Sai ya kawo dabara. Shi zai hau dandamali ya yi wasan da jikinsa da bakinsa, ni kuma ina bayan labule a kan kujera da makirufo, ina ba shi murya. Kafaɗarsa nake kallo, in ta ɗaga na san zai ja numfashi, sai in shiga. Anti, muka ƙware har 'yan kallo suka ce likitocin Amurka sun dawo wa Baba da muryarsa. Ya roƙe ni in rufa asiri, ya ce a ranar wasansa na ƙarshe kowa zai san magajinsa. Yana da wani farin mayafin ulu da yake yafawa a kafaɗa, na malaminsa ne, kuma a al'adarsu wanda aka yafa wa shi ne magaji. Ni dai na san ba shi da wani ɗalibi sai ni.

Ban taɓa tambayarsa komai ba, don ba a haka aka rene ni ba. Gaishe shi nake yi a durƙushe kamar ubana. Ranakun hutuna ma gidansa nake tafiya, ina sauraron labaransa, har da wani da ya ishe ni, na yadda ya je ƙofar malaminsa da kwakwa da furanni, ya zauna yana roƙo har malamin ya ɗaura masa jan zare a hannu ya karɓe shi ɗalibi. Wallahi na ji labarin kwakwar nan har na haddace, kullum sai ya ba ni shi, ni kuma in gyaɗa kai in miƙa masa magani.

Bana sai ga ɗan ƙanensa, Nilesh, ya zo karatu daga Indiya. Yaro ne mai rawar kai, muryarsa siririya kamar ta ɗan zakara. Bai yi mako ba ya shigo da kwakwa da furanni, ya zube ya kama ƙafar Baba yana roƙo a gabana, ina yanke wa tsohon farce. Baba ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauko zare. Ni kunyar yaron ce ta kama ni, na sunkuyar da kai, don ban taɓa ganin rashin ta-ido irin wannan ba. Na ɗauka wasan iyali ne kawai.

Ranar wasan ƙarshe na ɗinka sabon kaftani a wurin wani tela ɗan Nijar a Harlem. Nankling da 'yarmu suna cikin 'yan kallo, abokina Kudus ya ajiye tasinsa ya zo. Aka gama, zaure ya miƙe tsaye ana tafi. Baba ya tako har bakin labule, na tashi ina gyara wuyan riga. Sai ya sunkuyo ya raɗa mini abin da zan faɗa. Anti, tunda ba shi da murya, ni ne zan yi masa jawabin godiya. Da bakina, da muryar da na sha wahala a kanta, na gode wa masu fitila, na gode wa mai ɗinka kaya, na kira Nilesh ya fito ya karɓi mayafi. Ban yi ko gargada ba. Ina jin tafin ta bayan labule, babu wanda ya san akwai ni.

Washegari na nemi wurin aikinmu su canza mini gidan da nake jinya, aka canza. Ban sake taka Staten Island ba. Yanzu Nilesh ya dame ni da waya, wai Baba na so a naɗi wasan a sutudiyo don a ajiye wa 'yan baya, da sunan Baba, kuma ba zai yiwu ba sai da ni. Kudus ya ce in ɗauki bidiyo ina yin muryar in saka a intanet kowa ya san gaskiya. Nankling ta ce ko wayar kada in ƙara ɗagawa. Abin da ya fi ba ni tsoro, rannan ina yi wa 'yata faɗa ta ce in daina yi mata magana da muryar tsohon nan, ni kuwa ban ma san na yi ba. Kuma duk da haka, in zan kwanta sai in ce ko ma'aikacin da aka tura wa Baba a madadina ya san ba ya iya haɗiye ƙwayar magani sai an daka masa ita.

Mutumin da ya san zafin a ci da muryarka a ɓoye sunanka, shi ya yi mini haka. Ya ci amanata, Anti. In koma bayan labulen, ko in tona, ko in share shi har abada?

Na Bayan Labule, Bronx


Ɗan'uwana Na Bayan Labule,

Sannu. An ɓata maka, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne. A sa mutum ya kira sunan wani da bakinsa, matarsa da 'yarsa na zaune suna jira a kira nasa, wannan abin ciwo ne. Amma ka haɗa abubuwa biyu a wuri guda, mayafi da suna, ni kuwa zan raba maka su.

Mu fara da mayafin. Ka koma ka karanta abin da ka rubuto mini. Tsohon nan ya ba ka labarin kwakwa har ka haddace, kana ganin mantuwar tsufa ce? Ni ban ga haka ba. A ganina gaya maka yake yi ta inda ake shiga, kai kuma kana miƙa masa magani. Ranar da yaron ya kama ƙafarsa, ka ce ya daɗe yana kallonka kafin ya ɗauko zare. Ina jin kai yake jira. A gidanku an koya maka cewa ɗa na gari ba ya roƙon matsayi, babba ne ke gani ya ba shi. Shi kuma, bisa labarinsa, malami ba ya kiran ɗalibi, ɗalibi ne ke zuwa ya roƙa. Kai kana kawaici, shi yana ganin ba ka so. Mai yiwuwa ma ya ɗauka addininka ne ya hana ka, ya ƙi matsa maka. Ban shiga zuciyarsa ba, amma kada ka yanke masa hukuncin cin amana a kan mayafi alhali ba ka taɓa jin ta bakinsa ba.

Suna kuwa maganarsa daban, kuma a nan Baba ba shi da hujja. Ba sai an ɗaura wa mutum zare ake gode masa ba. Wanda ya tuna da mai fitila da mai ɗinki bai manta da muryarsa ba, ɓoye ta ya yi. Na fahimci dalilinsa. Ambaton sunanka daidai yake da gaya wa jama'a cewa muryar da suka tashi tsaye dominta ta riga ta mutu, kuma tsoho mai irin tarihinsa zai ji tsoron wannan. Tsoron ya sa na tausaya masa, amma bai wanke shi ba. Ya yi maka abin da aka yi masa, ya kuma san ya yi.

Shawarar Kudus ka ajiye ta. Bidiyon zai kunyata marar lafiyan da ba shi da muryar kare kansa, kuma ka tuna aikinka ne ya shigar da kai gidansa, fallasa wanda ka yi jinya na iya taɓa aikin naka. Ta Nankling ma, duk da ƙaunarka ce ta sa ta faɗa, ba za ta raba ka da abin ba. Mutumin da ke kwana da tunanin ko an daka wa tsoho magani bai gama da tsohon ba.

Ka je ka same shi ranar hutunka, da kayan gida ba na aiki ba, kuma ba ta hannun Nilesh ba. Yaron bai yi maka laifi ba, abin da ya sani ya yi. Ka zauna ka gaya wa Baba abin da ka ji a bayan labulen nan, da muryarka ta Jos, kada ka ari tasa. Ka tuna masa da jarumin Mumbai. Sannan ka kai kunnenka bakinsa ka saurara, ko da abin da zai faɗa bai yi maka daɗi ba.

Game da naɗin, sharaɗinka ɗaya ne, kuma ka faɗe shi a fili tun kafin ka shiga sutudiyo. A rubuta cewa wasan na Damodar ne, muryar kuma taka ce, da cikakken sunanka. In ya yarda, ka yi masa aikin da zuciya ɗaya. In ya ƙi, ka yi masa fatan alheri ka taho, kada ka sake zama a kan kujerar nan. In kuma har yanzu kana son ya karɓe ka ɗalibi, wannan karon ka buɗe baki ka roƙa, ka gaya masa abin da imaninka ya yarda da shi da wanda bai yarda ba. Kada ka ja lokaci, don shekarunsa da lafiyarsa ba za su jira fushinka ya huce ba.

Mayafin ya riga ya tafi, ka bar wa Nilesh abinsa. Numfashin da ka koya a kan jirgin ruwan nan yana ƙirjinka, babu mai cire shi ya yafa wa wani. Akwai yaranmu a can Bronx da ke jin Hausa suna amsawa da Turanci, ka tara su ka shirya musu wasa, ka tsaya a gaban labule. 'Yarka ta riga ta gaya maka muryar da take son ji.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba Baba sauƙi, ya sa ku rabu ko ku shirya cikin mutunci. Ka gaishe mini da Nankling, ka kuma gode mata, don ita ma ranar ta zauna tana jiran a kira sunanka.

Anti Lea