Wanda Ya Ba Tumatirin Tsoho Ruwa

Daga ofishin Babban Shugaban Ruwan Rani na ƙasa baki ɗaya, mai buɗe dam da rufe shi, wanda ba a shiga wajensa da takalmi, zuwa ga marigayi Malam Ilu, manomin ƙarshen kanal, wanda jikokinsa ke ce wa Tsoho. Assalamu alaikum. Allah ya sanyaya makwanci.

Ofishinmu ya san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko ta same ka ma ba karantawa za ka yi ba, tunda idon ya daɗe da tafiya kafin kai ka bi shi, kuma tun kana gani kake cewa ajamin mai wannan rubutu kamar kaza ce ta taka tawada. Za ka ce ina Shugaba ya san wannan? Ka yi haƙuri, manya sai a ƙarshe suke sa hannu.

Labari na kawo maka, irin wanda kake so. Na san halinka. Da rediyo ya fara jero waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace sai ka murɗe shi, ka juyo da fuska inda ka ji motsina, ka tambaye ni wa ya yi abin kirki yau a garin nan. Ni kuma in gyara zama in shirga maka ƙarya. Na taɓa ce maka an ga liman ya goya jaki ya ƙetarar da shi kanal. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka lalubo sanda ka kawo min duka, ka samu buta. Ban taɓa kawo maka na gaske ba, don ban taɓa dubawa ba.

Yanzu ina dubawa, kuma ashe suna nan. Ɗanlami mai adaidaita ya sauke fasinjojinsa a bakin titi suna zaginsa, ya ɗauki wata mai naƙuda ya kai ta asibiti a Kura, bai tafi ba sai da ya ji kukan jariri. Wata yarinyar ruga mai tallar nono ta dire ƙwaryarta ta faɗa kanal da zaninta ta tsamo ɗan yaye. Matarmu Iya, wadda ka tafi ka bar min ba gardama, tana cikin takaba. Na ce mata ta yi sauri ta gama, ango na jira. Ta jefe ni da ludayi, amma ta yi dariya, kuma tun tafiyarka ba a ga haƙorinta ba sai ranar.

Babban labarin shi ne nake ta kewayewa.

Ka tuna tumatirin da aka dasa maka dab da za ka kwanta ciwo? Ranar da ake sako wa layin gonakinmu ruwa ta faɗo cikin zaman makoki, kafin sadakar uku. Ka fi ni sanin sabon dashe ba ya jiran masu ta'aziyya. In ya rasa ruwansa sai wani zagayen, kafin nan kuwa ya zama tsinke. Babana ba shi da halin tashi daga tabarmar gaisuwa, sai ya miƙo min tiyon janyo ruwa ya ce in je. Na tafi, Tsoho, wallahi na tafi. Na kai har gindin darbejiyar da muke zaunar da kai kana ba da umarni ba ka ganin kowa. Na ga dutsen da kake ɗora ƙafa. Daga nan ƙafata ta ƙi gaba. Na cusa tiyon cikin ciyawa, na haye bayan mashin ɗin wani abokina muka yi Kura. Na wuni a bakin injin shinkafa ina ba 'yan dako dariya, kai ko ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. A hanyar dawowa mashin ya kafe a taɓo, na sauka na tura, na shigo gida da laka har gwiwa. Baba ya dubi wandona ya ce sannu da aiki. Na ce yawwa.

Washegari na lallaɓa gonar ina tsara ƙaryar da zan yi in dashen ya mutu. Na tarar kowane fangali ya sha ya ƙoshi. An yashe magudanar, an tumɓuke ciyawar kacalar da ta toshe ta an tara a gefe. A cikin lakar akwai sawu: ƙafa ɗaya ta nutse sosai, ɗayar ta ja ƙasa, ga ramin sanda a gefensu, tun daga bakin magudana har fangalin ƙarshe. Duk garin nan ba wanda ya san wannan tafiyar kamar ni. Shekara nawa na yi ina kwaikwayonta a dandali? Malam Audu ne, maƙwabcinka na sama, wanda na laƙaba wa Audu Ɗingishi har yara suka ɗauka. Ruwan ranar bai ishi gona biyu ba. Ya zare nasa tiyon, ya bar ruwan ya wuce albasarsa ya gangaro wajenka, ya biyo shi da wannan ƙafar.

Albasarsa ta ji jiki. Bakin ganyen ya ƙone, wata ma ta kwanta ba ta tashi ba. A teburin mai shayi ana cewa Audu ya tsufa, ya fara mance ranar ruwansa, gara 'ya'yansa su karɓe gonar kafin ya kashe ta. Ina zaune ake faɗa, da kofi a hannuna.

Ni kuwa ka zo ka ga yadda na koma. Liman ya kawo misali da ni bayan sallar Juma'a, wai yaron da ya bar kuka ya je ya raya shukar kakansa. Matan da ke korar 'ya'yansu daga wajena sun fara gaishe ni. Baba ya ce bana ni zan riƙe gonarka, tunda na nuna na girma. Abin da ya fi damuna, Tsoho, daɗi nake ji. Tun da nake ba a taɓa kiran sunana a masallaci ba sai in an ɓoye takalman mutane.

Shekaranjiya na sami Malam Audu a gonarsa yana tsince matattun ganye. Na tsuguna na gaishe shi, na ce Baba Audu na ga sawu. Ya ce sawun wa, ai shanu ma suna bi ta nan. Na ce shanu ba sa riƙe sanda. Ya yi dariya, ya ce in rufe bakina, yaron da ya samu suna mai kyau ya riƙe abinsa, shi a shekarunsa me zai yi da yabo. Sai ya ce abu ɗaya yake roƙo. An gaya masa na iya tafiyarsa fiye da shi, kuma duk garin shi kaɗai ne bai taɓa gani ba, in tashi in yi masa. Har sandar ya miƙo min. Ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushin ne. Ni da ban taɓa jin kunyar kowa ba na kasa ɗaga kai, ina ta kallon yatsun ƙafata har ya mayar da sandarsa.

Da kai ne me za ka ce in yi? In yi shiru kamar yadda ya ce, in karɓi gona da guminsa, ana ce masa ya tsufa? Ko in buɗe baki in koma Sabi'un da, wanda ko aiken gishiri ba a yarda a ba shi?

Gobe ruwan layinmu ne. Tumatirinka ya kama ƙasa, zai jure rashin zagaye ɗaya, ka yafe min wannan. Tiyonmu a albasar Malam Audu zan sa shi, ruwanmu duka ya shiga can. Baba zai zo dubawa, zai ga namu a bushe, zai tambaye ni a gaban duk wanda ke wurin, kuma ba ni da wata amsa sai ta gaskiya. Na san gonar za ta koma hannun wani. Na fara gaya maka ne don kai kaɗai ne sandarka ba za ta same ni ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da mutanen kirkin da kake ta tambaya. Ni ma ya shirye ni, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Mai sa hannu ba Shugaba ba ne, ko ƙofar ruwa ɗaya ba a taɓa ba shi ya tsare ba.

Jikanka ne Sabi'u, wanda aka aika ban ruwa ya tafi Kura.